Wa ke gaya wa wayarka ƙarfe nawa?

 Ga abin da muka tattauna a filin kimiyya da fasaha na wannan mako, mun ɗan faɗaɗa shi saboda waɗanda suka ce lissafin ya wuce su da sauri a iska.

Duk wanda ya saba da gidan rediyon da ake ji a ƙasa fiye da ɗaya ya san ba ma faɗin lokaci sau ɗaya. Sai mun ce ƙarfe takwas agogon Ghana da Togo, wato tara ke nan agogon Najeriya da Nijar da Benin. To mu da muke faɗa, wa ya gaya mana? Mun duba agogon bango ne ko fuskar kwamfuta. Ita kuma kwamfutar, da wayar da ke aljihunka wadda ba ka taɓa saita ta ba tun ranar da ka saye ta, wa ya gaya musu? Tambayoyi biyu ne suka kawo mu nan. Ɗaya daga wani mai gyaran waya a Maamobi, yana son sanin inda waya ke samo lokaci in an kunna ta. Ɗaya kuma daga wata 'yar makaranta a Nima, wadda aka saya wa kwamfutar cinya ta hannu, data na nan, sabis na nan, amma duk shafin da ta buɗe sai ya ƙi. Abin da ke bayan tambayoyin biyu guda ne.

Mu fara da agogon da ke cikin na'urar. Kowace kwamfuta tana da ɗan agogonta na ciki, kuma zuciyarsa wani ɗan tsinken dutse ne da ake kira kwaz, irin wanda ke cikin agogon hannu mai batir. In aka ba shi wuta sai ya riƙa kaɗawa sau 32,768 a cikin sakan ɗaya, na'ura kuma ta riƙa ƙirgawa. Zan riƙa cewa sakan da minti, domin kalmar daƙiƙa rigima gare ta: wani in ya ce daƙiƙa minti yake nufi, wani kuma sakan. To shi wannan dutse, agogo sarkin aiki, ba ya hutu, amma ba ya rasa kuskure. Zafi na taɓa shi, tsufa na taɓa shi. Mai arha yakan yi gaba ko baya da sakan ɗaya ko biyu a rana, ka ga a wata guda an doshi minti. Kuma in an kashe kwamfuta, abin da ke riƙe da wannan ƙirge wani ɗan batir ne mai kama da kwabo, manne a jikin allon ciki, a yawancin kwamfutoci lambarsa CR2032. Yana yin shekaru, amma yana mutuwa. Ranar da ya mutu, da zarar an zare wuta sai kwamfuta ta manta komai ta koma ranar da masana'anta suka dasa mata. Shi ya sa za ka kunna wata ka ga tana cewa yau 1 ga Janairu na wata shekara da ta wuce tun kana firamare.

Mu a nan Accra, ko Ankara kamar yadda muke faɗi a Zango, wannan ba baƙon abu ba ne, domin kwamfutocin da yawancinmu ke iya saye na hannu ne. Sun yi aikinsu a wani ofis a Ingila ko Jamus ko Amurka, an ajiye su a sito, an loda su a kwantena, sun sauka a tashar jiragen ruwa ta Tema, sannan suka iso shagunan Circle da sauran wurare. Kafin su zo hannunka ɗan batirin nan ya riga ya tsufa. Waɗanda aka yanke wa hukuncin cewa sun mutu kuwa, hanyarsu ɗaya ce, hannun 'yan kondem, waɗanda a Kano ake ce wa 'yan gwangwan. Shekara da shekaru Agbogbloshie, can bakin kogin Odaw, ita ce matattararsu, har ranar 1 ga Yulin 2021 da hukuma ta rushe filin, lokacin da aka mayar da 'yan albasa Adjen Kotoku. Filin ya tafi amma sana'ar ba ta tafi ba, ta dai warwatsu cikin unguwanni. Masu wannan aiki sun san ƙarfe da tagulla fiye da kowa, wasunsu ma sun iya ware mai rai daga matacce su tayar da shi. Abin da ke damuna shi ne na'ura mai lafiya ta isa gaban guduma, alhali ciwonta bai wuce batir na 'yan sidi kaɗan ba.

Yanzu me ya haɗa kwanan wata da ƙin buɗe shafi? Yawancin shafukan intanet a yau, kafin ku fara magana, sai sun nuna wa burauzarka wata takardar shaida da ke tabbatar da cewa su ne, ba ɗan damfara ba ne ya sa rigarsu. Wannan takarda tana da ranar farawa da ranar ƙarewa, kamar fasfo. Da yawa daga cikinsu ma kwana 90 kacal suke yi a sabunta su. Burauza kuma da agogon kwamfutarka take auna takardar. In kwamfutarka ta ce yau muna 2009, aka miƙo mata takardar da ta fara aiki a watan jiya, sai ta ce wannan ai lokacinta bai yi ba, ban yarda ba. Kamar jami'in kan iyaka a Aflao ne da ya rataye tsohuwar kalanda, duk fasfon da aka ba shi sai ya ce na jabu ne. WhatsApp ma haka yake yi, in ranar wayarka ta kauce sosai sai ya tsaya cak ya ce ka gyara tukuna. Daga nan sai a fara zargin kamfanin layi, a sake sayen data, a kai wa mai gyara ya goge komai ya sake zuba Windows, hotuna da takardun makaranta su salwanta. An bar jaki ana dukan taiki.

To tun da agogon ciki ba abin dogaro ba ne, me na'ura ke yi? Tambaya take yi. Waya tana da hanya biyu. Ta farko, kamfanin layinka, MTN ne ko Telecel ko wani, yakan turo lokaci ta eriyarsa sa'ad da waya ta kama sabis, ko da babu data. Ta biyu ta intanet ce, kuma ita ce hanyar kwamfuta, da na'urar raba intanet ta gida, da kyamarar tsaro, da sauransu. A nan na'urarka ke aika ɗan gajeren saƙo zuwa wata kwamfuta da ke nesa, wadda aikinta ke nan, ta ce mata ƙarfe nawa? Ƙa'idar wannan tambaya da amsa sunanta NTP. Wani malamin jami'ar Delaware a Amurka, David Mills, shi ya tsara ta, aka fitar da bayaninta na farko a 1985, kuma har yau da ita duniya ke aiki. Ya rasu a watan Janairun 2024. Mutum ne da ya yi fama da ciwon ido tun yana yaro har ya zo ya daina gani, amma agogon da biliyoyin mutane ke dubawa kullum da aikinsa ake daidaita shi.

Wani zai ce, to mene ne abin wahala a nan? Ka tambaya, a gaya maka, shi ke nan. Kafin NTP akwai wata tsohuwar ƙa'ida ta 1983 da haka kawai take yi, ka ƙwanƙwasa, a jefo maka lamba, ka tafi. Matsalar ita ce lokaci ba kamar farashin masara ba ne. Farashi in an faɗa maka da safe yana iya kaiwa yamma. Lokaci kuwa kafin amsar ta iso kunnenka ta riga ta zama tsohon labari. Dole sai ka san tsawon lokacin da amsar ta ɓata a hanya, kuma da wane agogo za ka auna, tun da naka ne ake zargi?

Ku saurari dabarar, don ita ce gishirin zancen. A ce Alhaji na zaune a shagonsa a kasuwar Nima, yana shakkar agogon bangonsa. Sai ya kira yaronsa ya ce, je ka masallaci ka dubo mini agogo. Amma Alhaji mai wayo ne, bai ce kawai dubo ka dawo ba. Lokacin da yaro zai fita, sai Alhaji ya duba nasa agogon ya rubuta: ƙarfe 2:00. Yaro ya isa masallaci, ya ɗaga kai, agogon masallaci ya ce 2:10, ya rubuta. Ya tsaya ya gaisa da ladan, ya sha ruwa, da zai juyo ya sake dubawa, 2:12, ya rubuta. Ya iso shago, Alhaji ya duba nasa agogon, 2:08. Lambobi huɗu ke nan, biyu na agogon shago, biyu na agogon masallaci.

Ga lissafin. A agogon Alhaji yaro ya yi minti 8 a waje. Ko agogon yana gaba ko yana baya, wannan takwas ɗin daidai ce, domin da agogo ɗaya aka auna fita da dawowa. A agogon masallaci kuma ya yi minti 2 a tsaye, ita ma daidai ce. Cire biyu daga takwas, saura 6, wato tafiya zalla, zuwa da dawowa. Raba biyu, zuwa minti 3, dawowa minti 3. Ke nan lokacin da yaro ya sa ƙafa a masallaci, agogon Alhaji yana kan 2:03. Amma na masallaci 2:10 ya nuna. Ashe agogon Alhaji yana baya da minti 7. Kun ga bai bar kujerarsa ba, bai san saurin yaron ba, bai san nisan hanyar ba, amma ya gano kuskurensa.

Wannan shi ne abin da kwamfutarka ke yi, ba ƙari ba ragi. Tana buga hatimin lokacin fita a jikin saƙo, ta can ta buga na isowa da na juyowa, taka ta buga na dawowa, sai lissafi. Bambancin kawai, a maimakon minti ana maganar kashi ɗaya cikin dubu na sakan.

Sai dai mai kunnen basira ya riga ya ji inda gizo ke saƙa. Mun raba shida gida biyu ne bisa zaton zuwa da dawowa tsawonsu ɗaya. In fa a zuwa yaro ya tarar da cunkoson trotro a bakin titi ya yi minti 5, a dawowa hanya ta buɗe ya yi minti 1? Jimla dai shida ce, Alhaji ba shi da yadda zai gane, kuma lissafinsa zai kauce da minti biyu. A intanet haka na faruwa kullum, saƙo ya tafi ta wata hanya ya dawo ta wata. Abin da ke kwantar da hankali shi ne kuskuren ba ya taɓa wuce rabin tsawon tafiyar. Don haka mafi kusa shi ne mafi aminci. In kwamfutar da kake tambaya tana Turai, saƙonka sai ya bi wayoyin da aka shimfiɗa a ƙarƙashin teku ya je ya dawo, abin da ke cin wajen kashi ɗaya cikin goma na sakan. In tana nan cikin gari, tafiyar ba ta kai ko kusa da haka ba. Ga mai duba lokacin buɗe shago duk ɗaya ne. Ga banki da kamfanin waya, waɗanda ke son sanin wace mu'amala ce ta riga wata, ba ɗaya ba ne.

Kuma mun ga ranar da tekun ta juya mana baya. A 14 ga Maris 2024 manyan wayoyin nan guda huɗu, WACS da ACE da MainOne da SAT-3, suka samu matsala lokaci guda a gaɓar Afirka ta Yamma, intanet ya durƙushe a Ghana da maƙwabta na kwanaki. A irin wannan rana, na'urar da ba ta san kowa ba sai wata kwamfuta a ƙetaren teku, sai ta koma kan ɗan dutsenta, tana zamewa a hankali har hanya ta dawo. Ni a ganina wannan dalili ne da ya isa a ce jami'o'inmu da kamfanonin intanet na yankin nan sun yawaita irin waɗannan kwamfutoci masu ba da lokaci a cikin gida. Ba abu ne mai tsadar gaske ba.

Wata dabarar kuma, Alhaji mai hankali ba ya aika yaro masallaci ɗaya. In agogon masallacin ne ya lalace fa? Sai ya aika yara huɗu wurare huɗu. Uku suka dawo da magana kusan iri ɗaya, na huɗu ya zo da wata daban, to an san wanda za a ajiye a gefe. Cikakkiyar manhajar NTP haka take yi, tana tambayar da yawa, ta ware masu gaskiya daga maƙaryata, ta kuma fi ba da ƙarfi ga wanda amsarsa ke dawowa da wuri. Sannan in kuskuren kaɗan ne ba ta fizgar agogo ta mayar da shi baya, domin komawa baya na rikita lissafin manhajoji, a ga kamar an karɓi kuɗi kafin a turo su. Sai ta ɗan rage masa sauri ko ta ƙara, har ya daidaita ba tare da kowa ya ji ba. In kuma kuskuren ya yi yawa ainun, wasu manhajojin sukan ƙi taɓawa sam, su ce wannan ya fi ƙarfinmu, mutum ya zo ya duba. Shi ya sa kwamfutar da ta koma shekaru baya wani lokaci ba ta gyara kanta ko an haɗa ta da intanet. Sai ka kawo ta kusa da hannu, ka sa ranar yau, sannan ka danna mata ta tambaya.

Saura tambayar da yara kan yi: shi wanda aka tambaya, wa ya gaya masa? A nan akwai salsala, kamar yadda ɗalibi ke cewa na karɓa daga wane, shi kuma daga wane. A can sama akwai agogon atam. Tun 1967 duniya ta daina auna sakan da juyawar ƙasa, ta koma auna shi da wani sinadari mai suna siziyom: kaɗawa 9,192,631,770 na hasken da ke da alaƙa da ƙwayarsa, shi ne sakan ɗaya. Akwai ɗaruruwan irin waɗannan agogo a ɗakunan bincike na ƙasashe da dama, kuma wani ofishin awo na duniya da ke Sèvres, kusa da Paris, shi ke haɗa rahotanninsu ya fitar da lokacin da kowa ke bi, wanda ake kira UTC. Taurarin ɗan Adam na GPS su ma suna ɗauke da agogon atam, suna watso lokaci dare da rana, kuma ta nan ne mafi yawan masu ba da lokaci ke ɗauka. Kwamfutar da ke jone kai tsaye da irin wannan tushe ita ce mataki na ɗaya. Wadda ta karɓa daga gare ta mataki na biyu, haka har ƙasa, kuma kowace amsa tana zuwa da lambar matakinta, ka san mutum nawa ne tsakaninka da tushe. Kwamfutar Windows takan tambayi time.windows.com, kayan Apple su tambayi time.apple.com, da yawa kuma suna tambayar pool.ntp.org, wanda taron dubban kwamfutoci ne da mutane da cibiyoyi suka ba da kyauta, fisabilillahi.

Yanzu ga wurin da na fi so masu gyara su buɗe kunne, domin nan aka fi yin ɓarna. Amsar da ke zuwa daga nesa ba ta san kana Nima ko kana Sabon Gari ba. Lokaci ɗaya tak take bayarwa ga duk duniya, wato UTC, wanda a wajen mai duba agogo shi ne GMT da muka saba ji a rediyo. Ƙara awa ko rage awa aikin na'urarka ne, bisa yankin da aka gaya mata tana ciki. Mu a Ghana mun yi sa'a, ba ma ƙara komai. Layin Greenwich da aka amince da shi a taron Washington na 1884 a matsayin mafarin awo, ta Tema ya ratsa kafin ya faɗa teku. Togo da Burkina Faso da Mali duk lokacinmu ɗaya. Benin da Nijar da Najeriya da Kamaru da Chadi suna gaba da awa guda. Direban da ya tashi daga nan zuwa Legas, a Aflao agogonsa ba ya motsi, sai ya tsallaka daga Togo zuwa Benin a Hillacondji sannan awa ɗaya ta ɓace masa.

To ga tarkon. Kwamfutar da ta fito daga Ingila tana zuwa da yankin Landan a saite. Daga ƙarshen Oktoba zuwa ƙarshen Maris, Landan da Accra lokacinsu ɗaya ne, ba wanda zai lura da komai. Ranar Lahadin ƙarshe ta Maris sai Ingila ta tura agogonta gaba da awa ɗaya saboda bazararsu, kwamfutarka da ke Maamobi ita ma ta bi su, ba ta san ta bar ƙasar ba. Mai ita ya ga ta yi gaba, ya mayar da hannu. Bayan 'yan kwanaki ta tambayi na nesa, ta sake tsallakewa. Ya sake mayarwa. Daga ƙarshe ya gaji ya kashe saitin tambayar gaba ɗaya. Yanzu fuskar agogo ta yi daidai, amma a can ciki lissafin UTC na na'urar ya kauce da awa guda cur, kuma da na cikin ake aiki. Manhajojin nan da ke fitar da lambar sirri mai canzawa duk sakan 30, irin su Google Authenticator, daga lokacin ciki suke ƙirƙiro lambar. In wayarka ta kauce da 'yan mintuna ma, balle awa, duk lambar da ta ba ka za a ce ba ita ba ce, ka rasa shiga asusunka kana rantsuwa an yi maka kutse. Lambar da ake turowa ta tes ba ta cikin wannan, ita daga can ake haɗa ta.

Maganin ba wuya. Kada ka taɓa awa, gyara yankin. A Windows, wanda ke Ghana ko Togo ya zaɓi layin da aka rubuta Monrovia da Reykjavik, kada ya zaɓi mai Landan da Dublin ko da yake dukansu sifili ne a gaba. Wanda ke Kano ko Maradi ko Kwatano ya zaɓi na yammacin tsakiyar Afirka mai ƙarin awa ɗaya. Sannan a bar saitin lokaci ya riƙa yin kansa. A waya ma haka, a kunna duka biyun, na lokaci da na yanki. Iyayenmu 'yan kasuwa da ke kai da kawo tsakanin nan da Yamai ko Kano, wasunsu sukan bar waya a kan lokacin gida da gangan don kada su rikice. Na fahimci dalilin, amma gara a bar waya ta bi ƙasar da take, a ƙara agogo na biyu a fuskarta, kusan kowace waya na da wannan.

Manhajar lokutan salla kuwa abu biyu take buƙata, lokaci da wuri, domin ita da rana take lissafi. Sakkwato da Maiduguri agogonsu ɗaya, amma rana na riga faɗuwa a Maiduguri da wajen rabin awa. In waya na da lokaci daidai amma tana zaton har yanzu kana garin da ka baro, to da azumi sai a yi hattara.

Ga ƙannenmu da ke koyon rubuta manhaja, waɗanda suka ce in faɗi yadda ake yi da hannu. Saƙon NTP bayit 48 ne kacal, bai kai tes guda ba. Ana tura shi ta UDP zuwa ƙofa mai lamba 123, amsa ta dawo da girma iri ɗaya. Lambar da za ka tarar a ciki adadin sakan ne tun daga 1 ga Janairun 1900. Yawancin kwamfutoci kuma daga 1970 suke fara nasu ƙirgen, don haka sai ka cire 2,208,988,800 kafin ka mayar da ita kwanan wata, in ba haka ba ka tsinci kanka shekara 70 a gaba. A Python akwai ntplib da ke ɗauke maka wannan wahala cikin layi uku ko huɗu. A Windows, umarnin w32tm /resync na sa kwamfuta ta tambaya nan take, a Linux kuma timedatectl zai nuna maka ko tana daidaitawa. In ka tura shiru, kafin ka zargi rubutunka duba ko an toshe ƙofa ta 123 a inda kake, wasu ofisoshi da makarantu suna yin haka. Kuma shawarata, in ba koyo kake ba, kada manhajarka ta riƙa zuwa neman lokaci da kanta. Bar na'ura ta daidaita agogonta, kai ka karanta daga gare ta. Abin da ya shafi kuɗi kuwa, kada ka taɓa yarda da agogon wayar mai saye, yi amfani da na sabarka. Dalilin ke nan da ya sa lokacin da ke cikin bayanan MoMo na kamfani shi ne hujja, ba wanda ke saman hoton fuskar waya da wani ya turo maka ba. Wannan kowa na iya saita shi yadda ya ga dama.

Akwai kuma ladabi. Mai ba ka kyauta ba a tashinsa kowane sakan. A 2003 wasu na'urorin raba intanet na kamfanin Netgear sun fito da adireshin jami'ar Wisconsin a dashe a cikinsu, kuma in ba su samu amsa ba sai su sake tambaya bayan sakan ɗaya, ba ji ba gani. Dubban ɗaruruwansu aka sayar, suka taru suka yi wa jami'ar ambaliya, aka daɗe ana fama kafin a shawo kan abin. Tambaya sau ɗaya a cikin mintuna masu yawa ta wadatar, ƙaramar na'ura ma sau kaɗan a rana ya ishe ta.

Masu shaguna da suka sa kyamarar tsaro, ku ma da ku ake. Akwatin da ke naɗar hoton yana da irin wannan ɗan batir, kuma da yadda wuta ke ɗaukewa tana dawowa, in batirin ya mutu duk dumsor ɗaya sai kwanan wata ya koma farko. Ranar da aka yi sata aka zo neman hoton daren Talata, sai a tarar da kwanaki goma duk suna ɗauke da rana ɗaya ta wata shekara can baya, a rasa wanne ne wanne, wanda ake tuhuma kuma ya samu bakin magana. Galibin akwatunan nan suna da wurin da aka rubuta NTP a cikin saitinsu. In akwatin na jone da intanet, a kunna shi, a rubuta pool.ntp.org, a zaɓi yankin da ya dace. In ba ya jone, a canza batir, a kuma riƙa gwada shi da agogon waya duk ranar Juma'a.

Wani mai sauraro daga Lome ya tambaya ko gaskiya ne wannan ƙirge zai ƙare wata rana. Gaskiya ne, gurbin da aka ware wa adadin sakan ɗin yana cika bayan kimanin shekara 136, wato ranar 7 ga Fabrairun 2036, sai ya koma sifili kamar mitar tsohuwar mota. Sababbin manhajoji an shirya su, sun san yadda za su gane an shiga zagaye na biyu, muddin agogonsu na ciki bai yi nisa da gaskiya da shekaru masu yawa ba. Waɗanda abin zai iya kamawa su ne tsofaffin na'urori da aka daina sabunta wa manhaja, irin waɗanda Turai za ta gama da su ta loda a kwantena. Masu gyara na Circle da na Farm Centre a Kano, ku rubuta wannan rana a bangon shago.